Casar da casarse: kada ku haɗa su

Matasan Jos da ke koyon Sifaniyanci a waya, ko ɗaliban Unguwar Rogo ne ko masu bin wasannin La Liga a gidajen kallo, ga fi'ilin da ya kamata ku tsaya a kansa. Bahaushe ma ya fi kowa sauƙin gane shi, domin mun riga mun raba aura da aurarwa.

Casar aikin uba ne ko mai ɗaura aure: "casó a su hija", ya aurar da 'yarsa. Wanda zai yi auren da kansa kuwa, sai ya liƙa se: casarse. "Me caso", zan yi aure. "Me casé", na yi aure. Nan ake yawan tuntuɓe. Mu mukan ce "ya auri Ladi" kai tsaye, a Sifaniyanci kuwa dole a sa con: "se casó con Ladi". Ku haddace casarse da con tare.

Mai aure namiji "está casado", mace "está casada".

Ku kula da cazar, wato farauta. A Meziko furucinsa ɗaya ne da na casar, amma a Madrid ana sa harshe tsakanin haƙora wajen furta z.