Darasi a Kan "Ciwo Na Biyar": Ƙurajen Da Ba Ƙyanda Ba

Darasinmu na wannan karo a kan wani ciwon yara ne wanda yawancinmu a nan Rumbu da sauran karkarar Dakwaro muke ɗauka ƙyanda ne, alhali kuwa ba ita ba ce.

Likitoci suna ce masa "ciwo na biyar". Dalili shi ne, a farkon ƙarni na 20 likitocin Turai sun jera cututtukan yara masu fesar da ƙuraje, suka sa ƙyanda ta ɗaya, shi kuma ya zo na biyar. Ƙwayar da ke haddasa shi ana kiranta Parvovirus B19. A birnin Landan aka gano ta a 1974, sai a 1983 aka tabbatar ita ce sanadinsa.

Ana ɗaukarsa ta tari da atishawa. Bayan kwana 4 zuwa 14, yaro zai fara ɗan zazzaɓi da mura da ciwon kai. Daga nan sai kumatunsa su yi ja kamar an mare shi, ko da yake a baƙar fata jan ba ya fita sosai. Sannan ƙananan ƙuraje su bazu a hannuwa da ƙafafu da jiki. Sukan ɓace, su sake bullowa idan ya sha rana. Babba kuwa, musamman mace, ya fi fama da ciwon gaɓoɓi.

To, mu lura da bambanci. Ƙyanda tana zuwa da zazzaɓi mai zafi, da tari, da jajayen idanu, tana kuma kisa. Rigakafinta ana fara shi yaro yana wata 9. Ciwo na biyar ba shi da allurar rigakafi, amma ga yaro mai lafiya yana wucewa da kansa. A ba shi ruwa da hutu, da farasitamol idan jiki ya yi zafi. Kada a ba yaro asfirin. Yana yaɗa ciwon ne kafin ƙuraje su fito. Da zarar sun fito, babu dalilin hana shi makarantar allo ko ta boko.

Amma akwai mutum biyu da wajibi ne mu tsare.

Na farko, mai amosanin jini, wato sikila. Wannan ƙwaya tana tsayar da ɓargo daga ƙera jajayen ƙwayoyin jini na kamar mako guda. Ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana 120, saboda haka ba ya jin komai. Ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 kawai take yi, sai jininsa ya faɗi farat ɗaya, sau da yawa ba tare da ƙurji ko ɗaya ba. Idan muka ga tafin hannunsa da harshensa da cikin fatar idonsa sun yi fari, yana haki, ya yi laushi, kada mu jira gari ya waye, kada mu kai shi wurin wanzami a yi masa ƙaho ko tsaga. Mu garzaya da shi likita mafi kusa, a tura shi asibitin Dakwaro ko Maraɗi, domin ƙarin jini ne ke ceton ransa, da izinin Allah.

Na biyu, mace mai juna biyu, musamman a watanni 5 na farko. Ƙwayar tana iya kai wa ɗan tayi ta rage masa jini, wani lokaci cikin ya zube. Mafi yawansu suna sauka lafiya, amma idan ciwon ya shigo gida, ta je awo ta shaida wa ungozoma.

Ya ku magidanta, izinin fita da kuɗin mota a hannunmu suke. Jinkirinmu na dare ɗaya yana iya zama nadamar shekaru. Mu san wane yaro ne mai sikila a gidanmu tun kafin ciwo ya zo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya. Wassalam.