Ana Iya Gane Zakaran Tanis Tun Yana Yaro?

Wani mai sauraronmu daga Ɗambatta ya ce ƙaninsa ya ƙware a wasan tanis a makaranta, yana so ya san ko ana iya hasashen inda zai kai. To Malam, ana iya ƙiyasi, amma kofunan yarinta ba su isa hujja ba. Gael Monfils na Faransa ya lashe uku daga cikin manyan gasa huɗu na matasa a 2004, sai dai bai taɓa cin ko ɗaya a rukunin manya ba. Donald Young na Amurka shi ne na ɗaya a matasan duniya a 2005, amma a cikin manya bai wuce matsayi na 38 ba. Wani zai ce ai Roger Federer ya ci Wimbledon ta matasa a 1998, daga baya ya tara manyan kofuna 20. Haka ne, amma mutane na tuna wanda hasashe ya yi daidai a kansa, su manta da ɗimbin waɗanda suka ɓace.

Manomi ya san kyan tsiro ba shi ne cikar rumbu ba. Abin da ke raba 'yan wasa bayan shekara 18 shi ne rauni, ƙwararren mai horarwa, da kuɗin zuwa gasa, wanda nan ne yaranmu suka fi shan wahala. Ku kai ƙanin naku Kano, inda ake gasar tanis ta Dala, masu horarwa su auna shi da tsararrakinsa. Kuma kada ya bar karatu.