Amsoshin Tambayoyinku: Katakon Tsohuwar Bindigar Soja

Wani mai sauraronmu daga unguwar Deira a Dubai ya tambaya: shin canza wa tsohuwar bindigar soja katako yana gyara mata saiti?

To Malam, yana gyarawa, in aikin ya faɗa hannun gwani. Ɗauki Lee-Enfield ta Ingila, wadda dakarun Trucial Oman da aka kafa a 1951 suka riƙe a wannan yankin. Duk harbi, bututunta yakan girgiza. In katakon ya matse shi ta gefe guda, ko ƙarfen yana motsi a mazauninsa, harsashi ba zai faɗa wuri ɗaya sau biyu ba. Shi ya sa maƙeran bindiga ke sassaƙa mazaunin sannu a hankali har ƙarfe ya zauna daram.

Yanayin Dubai kuwa ba ya tausayin katako. Laimar bakin teku ta kumbura shi, iskar na'urar sanyaya ɗaki ta busar da shi, saiti ya sake gocewa. Busasshen katako ake nema, a riƙa shafa masa mai.

Amma Malam, riƙe bindiga a Daular Larabawa sai da lasisi. Ka kai wa maƙerin da hukuma ta amince da shi.