Malam-buɗe-littafi na dare da ƴar fara ta bakin tabki

Su biyun ƙwari ne. Kowanne yana da ƙafa 6, jikinsa kuma kashi 3 ne: kai, ƙirji da ciki. Amma ba danginsu ɗaya ba.

Malam-buɗe-littafi na dare yana da fikafikai 4 masu gari-gari. Ƙwansa yakan ƙyanƙyashe tsutsa. Tsutsar ta ci ganye, ta kwanta ta rikiɗe, sannan ta fito da fikafikai. Ire-irensa sun kai 160 000. Daga saƙar wasu tsutsotsin ake samun zaren tsamiya na aikin babbar riga.

Ƴar fara kuwa dangin fara ce da gyare. Tsawonta bai wuce santimita 2 ba. Tana zaune bisa ƙasa mai danshi, tana cin gansakuka. Ɗiyanta suna fitowa daga ƙwai da kamannin uwarsu. Ire-irenta kamar 2 000 ne.

Tun 1964 ƙungiyar UICN take rubuta sunayen halittun da ke cikin haɗari a Jan Littafi. A ciki akwai wata ƴar fara marar fikafikai ta tsibiran Seshel, cikin tekun Indiya. Tana gab da ɓacewa, don dajinta ya lalace. Yawancin ƙwari kuwa ba a binciki halinsu ba tukuna.

In an sare itace, tsutsa ta rasa abinci. In tabki ya ƙafe, ƴar fara ta rasa gida.

Tambayoyi
1. Me ya haɗa ƙwarin nan biyu?
2. Wanne ne ke zama tsutsa?
3. Me ya jefa ƴar farar Seshel cikin haɗari?