Tuƙin Jirgin Ƙasa a Garin da Ba Dogo: Amsar Wasiƙunku

 Masu saurare na Jimeta da na cikin garin Yola, na Girei da Fufore da Numan, da duk inda muryata ke kaiwa, sannunku da jimirin sauraro. Tun makon jiya da na ambaci manhajar nan ta kwamfuta mai kwaikwayon tuƙin jirgin ƙasa saƙonni suke ta shigowa. Na ware huɗu daga ciki, kuma kamar yadda muka saba, ba zan kama sunan kowa ba.

Ta farko daga wani saurayi ce a unguwar Luggere. Ya ce: “Malam, ni ban taɓa ganin jirgin ƙasa da idona ba sai a bidiyo, amma raina yana sonsa. Ina da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da yayana ya bar mini. Da wace manhaja zan fara?”

Ƙanena, kada rashin ganin ya sa ka ji kunya, yawancin 'yan Adamawa haka suke. Turawa sun shimfiɗa dogo ne inda suke da kayan kwasa: gyaɗar Kano, kuzar Jos, gawayin Inugu. Mu nan a wancan lokacin Binuwai ce hanyarmu. Idan ruwa ya cika da damina sai jiragen ruwa su hauro har Jimeta, wasu su wuce Garwa. Ko da aka ja dogo daga wajen Jos ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964, gefenmu ya bi ya wuce. Ta ɗaya ɓangaren kuma, 'yan'uwanmu na Ngaundare a Kamaru sun sami nasu a 1974. Mun zauna ke nan a tsakiya, dogo a arewa maso yamma, dogo a kudu. Shi ya sa nake ɗaukar wannan manhaja da muhimmanci: ita ce taga ɗaya da yaron Luggere zai leƙa ɗakin direban jirgi ba tare da ya biya kuɗin mota zuwa Kaduna ba.

Tunda kwamfutarka tsohuwa ce, nemi Open Rails ko OpenBVE. Dukkansu kyauta ne, ba su da nauyi, kuma mutanen da suka san aikin ne suka haɗu suka gina su. Open Rails tana karanta hanyoyi da jiragen tsohuwar Microsoft Train Simulator ta 2001, saboda haka akwai kaya jingim da masu sha'awa suka tara shekara da shekaru. Wanda yake da kwamfuta mai ƙarfi zai fi jin daɗin Train Sim World ta kamfanin Dovetail Games na Ingila, don tana da filin koyo inda ake bi da kai daki-daki, sai dai ita saye ake yi, kuma sauke ta yana cin gigabait gommai. SimRail ta Foland da Zusi ta Jamus suna da kyau ƙwarai, amma ka bar su tukuna, ba na ɗan koyo ba ne.

Abin da ya fi zaɓen manhaja muhimmanci shi ne wannan: ɗauki kan jirgi guda, hanya guda, ka zauna a kansu wata ɗaya cur. Zaɓi mai dizal, mai taragu uku ko huɗu, a gajeren layi mara hawa da gangara sosai, da rana, ba ruwan sama. Mai dizal na ce, don shi ne irin namu. Jiragen Abuja zuwa Kaduna ma da dizal suke tafiya. Kan jirgin dizal kuwa ka ɗauke shi babban janareto ne a kan ƙafafu: inji yana juya janareto, wutar da ta fito ita ke juya motocin da ke murɗa ƙafafun. Kuma don Allah, a zafin nan namu na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, kada ka ɗora kwamfutar a kan katifa. Sa ta a tebur, ka ɗaga bayanta da ɗan katako ta sha iska.

Wasiƙa ta biyu ce ta fi riƙe ni, kuma a kanta zan daɗe. Wani dattijo ne direban tirela, ya aiko daga Jambutu, ɗansa ne ya rubuta masa. Ya ce: “Na fi shekara ashirin ina jan babbar mota tsakanin Yola da Legas. Yaron nan ya zaunar da ni a gaban abin, na nemi sitiyari babu. Na ba shi wuta ya ƙi motsi. Da ya tashi kuma, na zo tasha na taka birki, sai da na wuce ta da nisa. Shin abin ne ba daidai ba, ko ni ne?”

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin daidai yake, ku ma daidai kuke, hannunku ne ya saba da wani aikin. Sitiyari dai babu shi, dogo ne ke juya jirgi, masu kula da sigina da mahaɗar layi su ke zaɓa masa hanya. Abin da ke hannun direba uku ne: sandar da ke cewa gaba ko baya, totur mai hawa-hawa, wanda a yawancin masu dizal na Amurka matakinsa takwas ne, sai birki. A kan madannan kwamfuta, W da S su ne gaba da baya a yawancin manhajojin nan, A da D kuma totur.

Ƙin motsin da ya yi kuwa, kun fi ni sanin dalilinsa. Da asuba idan kuka tayar da tirela, ai ba kwa jan ta nan take. Kuna zama ne kuna kallon allura har iska ta taru, don in ba iska birki ba zai saki ba. Jirgi ma haka yake. Na gani da idona wata Asabar a gidan yayata a Demsawo. Ɗanta ya tura totur har ƙarshe, inji yana ta ruri a lasifika, jirgi ko gezau. Yaron har ya kai hannu zai kashe kwamfutar. Na ce masa ya mayar da totur sifili, ya saki birki, ya zuba wa allurar iska ido. Muka yi shiru muna kallonta tana hawa a hankali har ta tsaya a kan 5. Ya ɗaga totur mataki ɗaya tak, sai ga gefen tasha ya fara zamewa baya. Bai ce komai ba, sai ya gyara zama ya matso da kujera.

Ga yadda abin yake. Akwai bututun iska guda da ya tashi daga kan jirgi har taragon ƙarshe, ana haɗa shi da tiyo tsakanin tarago da tarago. A jiragen Turai ana cika shi zuwa ma'aunin 5. Kowane tarago yana da ɗan tankinsa na iska da bawul. Idan direba ya ja birki, iska yake ragewa daga bututun. Da bawul ɗin kowane tarago ya ji iskar ta ragu, sai ya buɗe tankinsa ya matse ƙafafu. Wani Ba'amurke ne, George Westinghouse, ya fito da wannan dabara a 1872, kuma hikimarta ita ce idan tarago ya tsinke tiyo ya yage, iska za ta fice, duk jirgin ya tsaya da kansa ko da direba bai taɓa komai ba.

To a nan ne ɗan koyo yake faɗuwa. Saƙon birkin yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya kai taragon ƙarshe, sakinsa kuma ya fi kamawarsa jinkiri. Ƙafar ƙarfe ce a kan dogon ƙarfe, wurin da suke taɓa juna bai wuce faɗin kwabo ba, babu roba babu kwalta da za su riƙe. Wannan santsi shi ke sa kai ɗaya ya ja ɗaruruwan tan, shi ne kuma ke hana shi tsayawa da wuri. Jirgin kaya mai nauyi yana iya cin fiye da kilomita guda kafin ya tsaya cik. Ku da kuka saba ganin shingen hanya ku taka a mita ɗari, a jirgi idan kun hango tasha sannan kuka tuna da birki, kun riga kun makara.

Saboda haka, Baba, ku bar batun gudu, ku fara koyon tsayawa. Ku tayar da jirgi zuwa kilomita 40 a awa, ku kashe totur, ku ja birki mataki ɗaya kawai, ku lura da inda kuka ja da inda ya tsaya. Ku maimaita a 60, ku maimaita a 80. Za ku ga idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa kusan sau huɗu yake ninkawa. Daga nan sai ku riƙa neman alama a gefen hanya, wata gada ko wata bishiya, ku ce daga nan nake fara birki in zan shiga tashar nan. Direbobin gaske haka suke haddace hanya. In jirgi ya kusa tsayawa kuma, ku ɗan sassauta birkin, don kada fasinja su dungura.

Abu ɗaya ne zan roƙe ku kada ku ɗauko daga mota: yawan taka birki a saki, a taka a saki. A jirgi kowace takawa tana cin iskar tankunan taragu, in ba ku ba su lokaci sun sake cika ba, a tsakiyar gangara za ku ja ku ji babu komai. Akwai wani birkin daban na kan jirgi shi kaɗai, akwai kuma na lantarki da ke mayar da motocin su riƙe jirgi a gangara, kamar yadda kuke saukar da giya a kan tudu. Ba wasa nake ɗaukar wannan darasi ba. Ranar 21 ga Oktoba 2016 jirgin fasinja daga Yawunde zuwa Duwala ya kauce daga dogo a Eseka, mutum 79 suka rasu a ƙidayar hukuma, binciken gwamnatin Kamaru kuma ya ambaci gudu fiye da ƙa'ida, da yawan taragu, da birkin da bai kama yadda ya kamata ba. Allah ya ji ƙansu.

Ta uku gajera ce, daga wata ɗaliba a Girei: “Ina cikin tafiya lafiya sai in ji ƙara, kafin in ankara jirgi ya tsaya da kansa.”

Ƙanwata, jirgin ne ke tambaya ko kina farke. A layukan Ingila, idan siginar da ke gabanki ba kore ba ce, ko kina dosar inda za a rage gudu, ƙararrawa takan yi ƙara, in ba ki amsa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ba sai birki ya kama. A manhajojin Dovetail, harafin Q ne amsar. Na Jamus kuma suna so ki nuna kina raye kowace daƙiƙa 30. Kina iya kashe su a kwanakin farko, amma ki kunna su kafin sati ya zagayo. Ki kuma riƙe cewa ruwan ɗorawa ba ado ba ne, yana gaya miki danja ce a gaba, tun daga nan za ki fara rage gudu. In kin fita daga wurin da aka taƙaita gudu, ki jira sai wutsiyar jirgi ta fita kafin ki ƙara wuta.

Ta ƙarshe daga wata uwa ce a Wuro Hausa. Ta ce ɗanta yana aji biyar na sakandare, ya ɗora wa kansa abin nan, tana tsoron ya ɗauke masa hankali daga karatu. Ta ce: “Wasa ne ko ilimi? Zai iya samun aiki da shi?”

Hajiya, damuwarki a kan hanya take. Gaskiyar magana, manhajar nan ba ta ba da takardar shaida, ba ta kuma sa a ɗauki mutum aiki. Direban jirgi sai an ɗauke shi, an gwada lafiyarsa da idonsa har da bambance launi, ya daɗe yana bin ƙwararre kafin a sakar masa kai. Amma ba na so ki raina abin. Kamfanonin jirgi a duniya suna horar da direbobinsu da manyan irinta, Zusi ɗin da na ambata ma tana da nau'in da ake koyar da ma'aikata da shi a Jamus. Yaron da ya gane dalilin da ya sa nisan tsayawa ke ninkawa huɗu, ya riga ya fahimci wani babi na kimiyyar lissafin motsi da zai haɗu da shi a jarrabawa.

Ƙofofin aikin ma suna ƙaruwa. Layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, ya fara aiki a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, a shekarar ce kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a Zariya, akwai Jami'ar Sufuri a Daura, ga kuma tsangayar injiniya a Jami'ar Modibbo Adama nan kusa da mu. Duk ukun sakamakon lissafi da kimiyya za su fara tambaya.

Ga shawarata. Tafiya a manhajar nan da agogon gaske ake yin ta, hanyar minti arba'in minti arba'in take ci. Ki yanke masa tafiya ɗaya a rana, bayan ya gama aikin makaranta, kuma kada ta ci lokacin salla. Kada ki ba shi katin banki, don a waɗanda ake saye kowace sabuwar hanya da kuɗinta daban. Ki gargaɗe shi da kwafin sata da ake turawa a waya, sau da yawa da cutar kwamfuta suke zuwa. Sannan wata rana ki ja kujera kusa da shi, ki ce ya tsayar miki da jirgin daidai bakin tasha sau uku a jere.

Lokaci ya ƙure mana. Mai tambaya daga Doubeli a kan manhajar wayar hannu, wasiƙarka tana hannuna, da ita za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Baba na Jambutu, ina jiran labarin tsayawarku a kilomita 60. A huta lafiya.