Darasin Lafiya: Ɓawon Haƙori, In Ya Tafi Ba Ya Dawowa

Kwanakin baya wata yarinya da ake shirin bikinta ta shigo shagonmu na magani a nan Kumasi, tana neman abin da zai kwantar mata da zogin haƙori. Ko ruwan sanyi ba ta iya kurɓa. Da na bincika, ashe wata biyu ke nan tana goge haƙoranta da garin gawayi da lemun tsami, wai su yi fari kafin ranar. Ita ce dalilin darasinmu na wannan wata.

Farin da muke gani a haƙori ɓawo ne, likitoci na kiransa inamel. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi. Wajen kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, kaurinsa kuwa bai wuce milimita 2.5 ba ko a inda ya fi kauri. Amma ba shi da jijiya, jini ba ya kai masa. Fata in ta yanke tana warkewa, ƙashi in ya karye ana ɗorawa ya kama, shi kuwa abin da ya zaizaye ya tafi ke nan. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai launin rawaya, mai ƙananan ƙofofi zuwa jijiya. Shi ya sa mai dirzar haƙori don neman fari yakan ƙare da haƙori rawaya mai zogi.

Babban abokin gabarsa tsami ne. Wani muna sha kai tsaye: lemun kwalba, sobolo, tsamiya, lemun tsami. Abin nan da muke cewa "tsamiya ta kashe mini haƙori", ɓawon ne ya yi laushi. Wani tsamin kuma ƙwayoyin cutar baki ke samar da shi daga sukarin da muka ci. Bayan kowane ci, yawu yakan ɗauki kamar rabin awa zuwa awa ɗaya yana wanke tsamin, yana mayar wa ɓawon ma'adininsa. To, a nan matasanmu na majalisar ataya ke cutuwa. Kofi uku cike da sukari daga la'asar har isha'i, yaushe yawu zai samu sararin aikinsa? Gara mutum ya sha zaƙinsa lokaci guda tare da abinci, ya kuskure baki da ruwa.

Kada a goge haƙori nan take bayan an sha abu mai tsami, ko bayan amai, musamman masu juna biyu. A kuskure da ruwa, a jira aƙalla minti 30.

Aswaki sunna ne kuma yana da amfani, ban ce a bari ba. Sai dai a tauna bakinsa ya yi laushi sosai, kada a dirza da ƙarfi kamar ana wanke tukunya. Kuma bai maye gurbin man goge baki mai fulorayid ba, sau biyu a rana, na dare shi ne mafi muhimmanci. A duba jikin kwalin, na manya yakan nuna 1450 ppm. In an gama a tofar kawai, kada a kuskure, don man ya zauna a haƙori. Yaron da bai kai shekara 3 ba, gwargwadon ƙwayar shinkafa ya ishe shi.

Dattawanmu, ga abin da ya shafi aikina. Wasu magungunan hawan jini, da na mura da ƙaiƙayi, suna busar da baki, kuma busasshen baki ba shi da mai tsare masa haƙori. Kada Baba ko Hajiya su daina magani saboda haka. A riƙa kurɓar ruwa, a faɗa wa likita ko mai ba da magani. Wanda ƙwannafi ke yawan taso masa da dare ma ya nemi magani, tsamin ciki yana cin haƙori ta ciki.

Amaryarmu na ba ta man masu zogin haƙori, na hana ta gawayi, na tura ta wurin likitan haƙori. Zogin ya lafa kafin biki, amma bakin haƙoranta na gaba biyu ya riga ya sirance.