Darasin Wannan Wata: Aradu, Tsakanin Murna Da Fargaba

A ƙauyukan Gumbin Kure, cikin ƙaramar hukumar Maiyama, ba sai sanƙira ya yi shela ba ranar da hadarin farko ya haɗu. Bayan zafin watannin Maris da Afrilu, wanda ke korar mutane su kwana a tsakar gida, sai wata rana da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso da ƙura. Mata su shiga kwashe shanya da itacen girki, a jera tukwane da bokitai a bakin indararo. Magidanta su leƙa rumbu su duba iri. Yara kuwa tuni sun tuɓe riguna suna jiran ɗigon farko. Can sai walƙiya ta keto, tsawa ta biyo baya, yaron da ke tsalle ɗazu ya sheƙa ya maƙale wa uwarsa, tsohuwa ta kama salati.

Haka abin yake daga Maiyama har Jega da Aliero. Hadarin da manomi ya yi wata bakwai yana jira, shi ne kuma yake sa gabansa faɗuwa. Ba yau aka fara ba. A cikin Alƙur'ani akwai sura sukutum mai sunan tsawa, wato Suratur Ra'adi, sura ta 13, inda aka ambaci walƙiya tare da tsoro da kwaɗayin ruwa. Murnar tana da dalili, tsoron ma yana da dalili. Matsalar ita ce sau da yawa jama'a suna tsoron abin da ba ya cutarwa, su kuma ruga wurin da haɗarin yake.

Mece ce aradu?

Wasu suna ce mata aradu, wasu kwarankwatsa, mutanen ƙasar Sakkwato da Kabi kuma su ce tarnatsa. Duk abu ɗaya ne, wutar lantarki ce. Girgijen hadari yakan yi tsawo sama da kilomita 10. Can ƙolinsa akwai sanyi ƙwarai, har ruwa yana daskarewa ya zama ƙanƙara. Iska tana ɗaga ƙananan ƙanƙara sama, manya suna faɗowa ƙasa, suna gogar juna. Wannan guga ita ce ke tara lantarki. Duk wanda ya taɓa yaye bargo ko ya tuɓe rigar leda cikin duhu lokacin hunturu, ya ga tartsatsi yana ƙyas-ƙyas, to ya ga 'yar ƙaramar walƙiya. In lantarkin ya taru ya yi yawa sai ya yi tsalle, ko daga girgije zuwa girgije, ko daga girgije zuwa ƙasa. Mai sauka ƙasa ita ce ke ɓarna.

Zafin hanyar da walƙiya ta bi yakan kai digiri 30,000, wajen ninki biyar na zafin fuskar rana. Iskar wurin sai ta buɗe farat ɗaya da ƙarfi, ƙarar wannan buɗewa ita ce tsawa. Wannan zafi ne kuma ke tsaga itace, domin ruwan da ke cikin itacen yana tafasa nan take ya fasa ɓawo. Babu wani gatari da ke faɗowa daga sama. 'Yan duwatsun nan masu santsi da ake tsinta a gona ana ce musu gatarin aradu, masana sun tabbatar kayan aiki ne da mutanen dā suka wasa da hannunsu kafin a san ƙarfe.

Walƙiya tana da nata amfani ga manomi. Takan narkar da sinadarin naitirojin da ke cikin iska, ruwa ya sauko da shi ƙasa. Shi ne sinadarin da ke cikin takin yuriya. Sai dai kaɗan ne, kada wani ya ce ya huta da kai taki gona.

Lissafin da ke ceton rai

Kowa ya lura walƙiya ake fara gani kafin a ji tsawa, alhali tare suke faruwa. Dalili shi ne haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, ƙara kuwa sai ta yi daƙiƙa 3 kafin ta ci kilomita ɗaya. Saboda haka wanda ya ji tsawa, wannan aradun dai ta riga ta sauka, ta bar shi. Toshe kunne da shiga ƙarƙashin gado ba su ƙara kome. Amfanin tsawa shi ne gargaɗi game da wadda za ta biyo.

Ga aikin da ɗaliban ajin yaƙi da jahilci za su iya gwadawa a wannan damina. Da an ga walƙiya sai a fara ƙirga a tsanake, ɗaya, biyu, uku, har a ji tsawa. Abin da aka samu a raba shi gida 3. In an ƙirga 15, hadarin yana nisan kilomita 5. In 6 aka ƙirga, kilomita 2 ne kacal. Duk ƙirgar da ba ta kai 30 ba, to a bar gona a nufi gida, don aradu tana iya sauka nesa da inda ake ruwa, ko da rana tana haskawa a kan mutum. Bayan hadari ya wuce kuma, a dakata minti 30 daga tsawar ƙarshe kafin a koma aiki. Wannan shi ne mai wuyar bi, musamman ranar ruwan shuka da kowa ke ɗokin ya riga maƙwabcinsa.

Gindin itace

Nan ana yawan samun asara. Ruwa ya kama mutum a gona, sai ya hango tsamiya ko ɗorawa ko mangwaro ya ruga ya fake. Gawo kam ba mai zuwa wurinsa, tunda da damina yake kaɗe ganye. Aradu kuwa ta fi sauka a kan abin da ya fi tsawo a fili. In ta faɗa wa itace, wutar takan yi tsalle daga jikinsa zuwa ga wanda ke tsaye kusa, sauran kuma ta bazu cikin ƙasa ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar. Gara mutum ya jiƙe sharkaf a kan hanyarsa ta gida da ya tsaya a bushe a gindin giginya.

Wannan wuta mai bin ƙasa ita ce ke kashe dabbobi da yawa a lokaci guda, domin tsakanin ƙafafun saniya na gaba da na baya akwai tazara, ga shi kuma suna cunkushewa wuri ɗaya in ana ruwa. A watan Satumba na 2019 aradu ta kashe shanu 36 a garin Ijare na jihar Ondo. Makiyayi ya guji tudu, kada kuma a ɗaure shanun huɗa a gindin itace ko jikin shingen waya. Masunta da masu fito a gulbin Zamfara wajen Jega, da masu aikin shinkafa a fadama, su fita daga ruwa tun hadari yana nesa. Wanda hadari ya rutsa da shi a fili ya ajiye garma da hauya, kada ya saɓa su a kafaɗa, ya nemi wuri mai kwari wanda ruwa bai kwanta ba. In jama'a ne, kamar 'yan gayya, su warwatsu, kada su dunƙule.

Mafaka mafi kyau ita ce babban gini ko cikin mota mai rufin ƙarfe an rufe tagogi. Bukkar gona da rumfar kasuwa ba su kare kowa. A cikin ɗaki ma a nisanci bakin ƙofa da taga, a zauna a kan gado ko kujera, kada a kwanta a ƙasa, a cire wayar eriya. Wayar salula ba ta jawo aradu, sai dai kada a riƙe ta tana jone da wuta. Jan tufafi da madubi su ma ba ruwansu.

Makarantu da masallatai suna buƙatar kulawa ta musamman, saboda taron da suke ɗauka. A watan Yuni na 2011 aradu ta faɗa wa wata makarantar firamare a gundumar Kiryandongo ta ƙasar Yuganda, yara 18 suka rasu. Maganin irin wannan an san shi tun zamanin Benjamin Franklin, Ba'amurken da ya nuna a 1752 cewa walƙiya lantarki ce. Sandar ƙarfe ce ake kafawa a ƙolin gini, a haɗa ta da kakkaurar wayar tagulla har cikin ƙasa, wutar ta bi ta nan ta wuce. Irinta ce a kan dogayen ƙarafan kamfanonin waya. Ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin masallaci za su iya neman ma'aikacin lantarki ya faɗa musu kuɗinta kafin damina.

In ta faɗa wa mutum

Akwai masu gudun taɓa wanda aradu ta buge, wai wutar tana jikinsa, ko a tsaya neman nonon da za a zuba masa. Wannan jinkiri shi ke kisa. Babu sauran wuta a jikinsa, ana iya taɓa shi nan take. A Amurka, inda ake ajiye lissafi, kusan mutum 9 cikin 10 da aradu ta buga suna rayuwa. Abin da takan yi shi ne tsayar da zuciya da numfashi. In mutane da yawa ta buge, a fara da wanda ya yi shiru ba ya motsi, masu kuka suna numfashi. A kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, wajen sau 100 a minti ɗaya, ba tsayawa, wani kuma ya nemo abin hawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibitin Maiyama ko na Jega, ko wanda ya fi kusa, a duba zuciyarsa da kunnuwansa da wuraren da ya ƙone.